A'ar da Baba Bai Faɗa Ba

Laifina ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Wata Lahadi da la'asar ina zaune a dakalin ƙofar gidanmu a unguwar Ali Kazaure da ke Jos, ina cin awara da hannun dama, wayar Baba tana hannun hagu, sai mai ya ɗiga a kan gilashin. Mai hankali tsumma zai nema. Ni kuwa babban yatsan da nake cin awarar da shi na sa na goge. Wayar ta yi iya ƙoƙarinta, don ta tsaya ta tambaye ni ko taron gobe kaɗai nake nufi ko dukkansu, amma lokacin ina kan shafa ta biyu. Da na ɗaga yatsa, gilashin ya fi da maiƙo, kuma saƙo ya riga ya tafi wurin manajan kamfaninsu cewa Baba ba zai halarci taron ranar Litinin ba, daga gobe har tashin ƙiyama.

Wanda bai san Baba ba zai ce ai wannan ba wani abu ba ne. Baba shi ne mai kula da sito a wani kamfani da ke kusa da Tina Junction, masu sayen dankalin Turawa da kabeji a hannun manoma su loda wa motocin kudu. Shekara goma sha tara yana wurin. In ya wuce ta gaban buhu ya ja numfashi, zai gaya maka ko akwai ruɓaɓɓe a ciki, kuma a wane ɓangaren yake. A duk shekarun nan babu wanda ya taɓa jin ya ce wa na gaba da shi a'a. Ba wai komai yake yarda da shi ba. Yana da hanyoyinsa. In ya ce "to" a gajarce, zai yi. In ya ce "Allah ya kai mu" yana kallon ƙasa, ka nemi wani. In kuwa ya ce "za mu gani" ya gyara hula, to ko jikokinka ba za su gani ba. Mama tana karanta waɗannan kamar allo, abokan aikinsa ma haka, kuma an zauna lafiya.

Sai aka kawo sabon manaja. Ɗan garin nan ne, an ce a bayan kasuwar Terminus aka haife shi, amma ya je Legas ya yi wani kwas na wata uku, ya dawo da satifiket da gorar ruwa mai girman tukunyar gas. Katin shaidarsa yana rataye a wuya ko da yaushe, ina jin har wanka da shi yake yi, don kada ya manta ko shi wane ne. A satinsa na farko ya sa aka sauke kalandar bango da wani mai sayar da fenti yake ba su kyauta duk shekara, ya ce wannan kayan tarihi ne. Ya buɗe wa kowa imel, har da maigadi. Ya liƙa takarda a ƙofarsa cewa ba a ƙwanƙwasa masa, duk mai son ganinsa ya nemi lokaci ta kalandar kwamfuta.

Ofishin nan fa ɗaki huɗu ne da sito. In manaja ya yi atishawa, Baba daga cikin buhuna yake yi masa sannu. Amma yanzu in yana son sanin buhu nawa suka rage, sai ya zauna ya rubuta imel, imel ɗin ya tashi ya je ƙasar Turawa ya sha iska, ya dawo ya faɗo a aljihun mutumin da ke taku goma daga kujerarsa.

Ya tara su wata Asabar ya yi musu horo na awa uku a kan yadda za su ci moriyar imel da kalanda. Na je, don Baba ya ce in zo in riƙe masa abin da kansa ba zai ɗauka ba. Na zauna a baya kusa da injin hoto ina kallon ikon Allah. Ya nuna musu yadda ake yi wa taro kala, ja na gaggawa, kore na wanda ba na gaggawa ba, wato wanda ba dalilin yin sa. Ya nuna yadda waya za ta yi ƙara minti goma kafin taro. Abin da ya fi alfahari da shi shi ne wata doka da ya kafa wa akwatin imel ɗinsa, wadda take tsince saƙonni da kanta ta zuba kowanne a jakarsa, ba sai ya taɓa ba. Ya ce da wannan dabarar yake tsimin awa biyu a kullum. Bai faɗi abin da yake yi da awa biyun ba. Direbobi suna ta gyaɗa kai, rabinsu don ladabi, rabinsu don gyangyaɗi.

A ƙarshen horon ne ya faɗi maganar da ta hana gidanmu sakat. Kamfanin yana da wani sito can wajen Bokkos da ke neman mai kula da shi, kuma manaja ya ce duk wanda ya kasa tafiya da zamani, za a kai shi inda ba a bukatar zamani. Da murmushi ya faɗa, amma idonsa a kan masu furfura yake, kuma masu furfura a ɗakin su biyu ne, Baba da maigadi. Baba yana fama da gwiwa, in sanyi ya shigo sai ya dafa bango yake tashi daga sallah, ga shi sanyin can ya fi na Jos rashin mutunci. In aka tura shi, sai dai mu riƙa ganinsa ƙarshen mako, shi ma in hanya ta yi daɗi. Ranar da Mama ta ji, miyar ta yi gishiri.

Tun daga nan wayar ta dawo hannuna. Baba ya ba ni kalmar sirri da umarni guda ɗaya: duk abin da ya shigo daga ofis in karanta masa, duk gayyatar da ta zo in danna masa cewa zai zo.

A nan wanda ya ƙirƙiro kalandar nan ya nuna bai taɓa zama da mutane ba. Maɓalli uku ya yi: zan zo, wataƙila, ba zan zo ba. Babu "Allah ya kai mu." Babu "za mu gani." Wane ɗan halas ne zai dubi ogansa ya danna masa na ukun? Na biyun ma ai raini ne. Saboda haka kowa a ofishin na farko yake dannawa. Manaja ya taɓa sa taro ranar Juma'a ƙarfe ɗaya da rabi, kowa ya ce zai zo, Musulmi suka tafi masallaci, Kiristoci suka ga ba kowa suka tafi cin abinci, ya zauna shi da fanka. Ya sa wani ranar Alhamis da yamma, Madam sakatariya ta riga kowa dannawa, sannan ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi zumuntar mata a cocinsu. Akwai ranar da Baba yake da taro uku a lokaci ɗaya, ya amsa dukkansu, kuma a lokacin yana saman mota yana ƙirga kabeji. Kalandar gaskiya ta ofishin ita ce Madam. Tsararsu ɗaya da Baba a aikin, kuma in ta biyo baranda tana cewa Oga yana kira, shi ne taro. In ba ta ce ba, ko wayoyin duka za su fashe da ƙara, ba wanda zai motsa.

To, mu koma kan awara. Cikin minti ɗaya na gyara ɓarnata. Na lalubo gayyatar a kwandon shara na imel, na danna zan zo, komai ya koma yadda yake. Da na yi shiru, da ba ku ji wannan labarin ba. Amma ni bakina ba ya riƙe abin dariya, in na riƙe sai in ji kamar zan yi zazzaɓi. Bayan magariba muna cin tuwo na ce wa Baba ya yi tarihi yau, ya zama mutum na farko a kamfanin da ya ce wa manaja a'a. Na ba da labarin har da kwaikwayon yadda yatsana ya yi.

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya tsame hannu daga kwano. Ya tambaya ko saƙon ya isa, na ce ya isa amma na aika wani a bayansa. Ya tambaya ko na biyun yana goge na farkon. Na ce a kalanda yana gogewa, a imel kuwa suna nan su biyu. Ya daɗe yana kallon tuwon.

"Magana zarar bunu ce," ya ce. "Yanzu mutumin nan yana can yana tunanin ni na dube shi na ce ba zan zo ba. Da wace fuskar zan gaishe shi gobe?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce inji ne, inji ba ya jin kunya, ba ya ƙullata. Baba ya ce ba injin yake jin kunya ba.

Washegari ya sa rigarsa ta Sallah, ya ce in shirya mu tafi tare. Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Terminus, muka canza wani zuwa Tina Junction, duk hanya yana jan carbi. Madam muka fara tararwa tana shan shayi. Baba ya ja ta gefe ya gaya mata kamar mai sanar da rasuwa. Ta dube ni, ta dube shi, ta yi dariya har shayin ya zuba.

"Haba Malam, a kan wannan ka sa babbar riga? Oga ba ya karanta abin nan. Ni na san abin da nake faɗa maka. Ka je sitonka ka yi aikinka." Ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma ɗana, in ka ci mai, ka goge a wandonka kamar sauran yara."

Ni dai na ji shawarar ta yi, duka biyun. Baba bai ji ba. Ya shiga taron Litinin ya zauna a kujerar gaba, inda bai taɓa zama ba. Manaja ya yi awa ɗaya yana nuna musu zane-zane masu hawa da sauka, bai dubi Baba ba ko sau ɗaya. Dama can ba ya duban kowa, allonsa yake kallo kamar saurayi da budurwa. Amma Baba ya fito ya ce min ka gani, ko kallona bai yi ba. Da safe ma ya gaishe shi, mutumin ya ɗaga yatsu biyu kawai ya wuce. Na ce ai akwai abin jin waƙa a kunnensa. Baba ya ce yaro ne ni, ban san fushin manya ba.

Bayan taron ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar manaja. Manaja ya leƙo, bai ma buɗe baki ba, ya nuna takardar da ke ƙofar da biro, ya rufe. Wato dattijo mai furfura ya zo ban haƙuri da ƙafarsa, an ce ya koma ya cike fom. Muka zauna a kan buhu a sito na buɗe kalandar manaja don neman gurbi. Cike take dam, kamar ta gwamna. Na duba da kyau, sai na ga yawancin abin da ya cika ta wani abu ne da ya kira lokacin zurfin tunani, awa biyu da safe, awa biyu da rana. Da na je shan ruwa na leƙa ta taga na ga zurfin tunanin. Ƙwallayen daren jiya yake kallo, ƙafa ɗaya a kan tebur.

Gurbin farko ranar Alhamis ne, sha ɗaya da kwata, minti goma sha biyar. Baba ya fara shibta min abin da zan rubuta, ya fara da gaisuwa da fatan alheri, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Na ce wurin ba zai ɗauka ba. Muka daidaita a kan kalma biyu, ban haƙuri. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta dawo cewa manaja zai zo. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya fara saukowa. Ban gaya masa cewa ita ma wannan injin ne yake amsawa da kansa in ya ga gurbi ba.

Kwana ukun nan Baba bai ci abincin kirki ba. An riga an sanar cewa ranar Juma'a za a faɗi wanda zai tafi Bokkos. Kullum da ya dawo sai in sake gwada shi, in ce mu soke ganawar nan, a bar kaza cikin gashinta. Sai ya ce wanda ya yi laifi ya ɓuya, laifi biyu ya yi.

Ranar Alhamis muka isa tun goma da rabi, muka jira a benci har wayar ta yi ƙara. Baba ya cire takalmi a bakin ƙofa, ni ma na cire. Manaja ya nuna masa kujera, ya ƙi zama, ya ɗan rusuna ya fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, yaya muka ji da aiki. Ina kallon agogon bango, minti huɗu suka tafi a nan. Manaja yana amsawa da "lafiya, lafiya" yana kaɗa biro. Sannan Baba ya ce ya zo neman afuwa ne a kan saƙon da ya fito daga wayarsa ranar Lahadi, wallahi ba halinsa ba ne, shekara goma sha tara bai taɓa ba.

Manaja ya ce wane saƙo?

Na dubi Baba, Baba bai dube ni ba. Mutumin ya juya ga kwamfutarsa ya fara nema. Daga inda nake tsaye ina ganin allon. Can gefen hagu ga jakar da dokarsa mai tsimin awa biyu take zuba amsoshin gayyata, da lamba a jikinta mai tsawon lambar mota, ba a taɓa buɗe ko ɗaya ba. Duk "zan zo" ɗin da mutanen ofishin suka yi ta dannawa don ladabi suna can a jibge kamar dankalin da ba a samu mota ba. Ya yi ta gangarawa har ya samo namu guda biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ya yi dariya. Ya ce ai wannan ba komai, hannu ne ya zame, shi ma yana faruwa da shi, Malam ya je abinsa.

Na riga na juya ina neman takalmina da ido. An gama, an yafe, har da dariya a kai. Sai na ji muryar Baba.

"Ranka ya daɗe, ba hannuna ba ne. Kada in karɓi afuwa a kan abin da ba haka yake ba. Yaron nan ne. Shi yake riƙe min wayar tun farko, ni idona ba ya gani sosai."

Biron ya daina kaɗawa. Manaja ya tambaya a hankali ko yana nufin kalmar sirrin kamfani tana hannun ɗan sakandare. Ka ce makullin babban banki aka ba ni, alhali sirrin da ke ciki bai wuce yawan buhunan kabeji da sanarwar cewa a daina barin kofi a kan injin hoto ba. Na buɗe baki zan faɗi haka, Baba ya taka min ƙafa. Manaja ya karɓi wayar daga hannuna ya miƙa wa Baba, ya ce ya buɗe kalanda ya nuna masa abin da ke akwai gobe.

Baba ya riƙe wayar da hannu biyu kamar an ba shi jaririn wani. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita. Na raɗa masa cewa mai kalar shuɗi ce a ƙasa, manaja ya ɗaga min yatsa. Baba ya danna wani abu, fitilar wayar ta kunnu ta haska silin. Ya sake dannawa, ta ƙi mutuwa. Muna tsaye mu uku, fitila tana ci da tsakar rana, mutumin da yake gane ruɓaɓɓen dankali ta cikin buhu yana gumi a gaban wanda bai san bambancin kabeji da latas ba. Ban ji dariya ba ko kaɗan, kuma wannan ba ya faruwa da ni.

Sai kwamfutar manaja ta yi ƙara. Minti goma sha biyar sun cika. Ya miƙe ya ce ya gode da gaskiyar da Malam ya faɗa, yana da wani abu yanzu. Na san abin, na gani a kalandarsa. Zurfin tunani ne.

Madam ta canza kalmar sirrin a ranar bisa umarnin manaja, ta rubuta wa Baba a ƙaramar takarda. Ba ta yi dariya ba wannan karon, ta ce masa kawai ai ta faɗa masa. Kafin mu kai titi ya miƙo min takardar in karanta masa, don rubutun ƙanana ne.

A keke na zazzage duk abin da ke cikina. Na ce mutumin ya yafe, me ya kawo sauran bayanin? Na ce a duk ofishin nan ba mai faɗa wa kalandar nan gaskiya, shi kansa manajan ƙarya yake cika ta da ita. Baba ya bar ni na gama. Da muka sauka a Terminus ya tsaya wurin mai awara ya saya min, ya ce ta ƙara takarda. Ya miƙo min ya ce, "Wannan ta goge hannu ce."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci saƙon ya shigo. Ba ma wasiƙa ba ce, gayyata ce ta kalanda, an yi mata jar kala: fara aiki a siton Bokkos, Litinin, ƙarfe takwas na safe. A ƙasa ga maɓallan nan uku. Na karanta wa Baba a tsakar gida, Mama tana tsaye a ƙofar kicin. Na ɗora yatsa a saman na ukun na ce masa wannan karon hannuna a wanke yake, in ya ce in danna zan danna. Ya ce in kawo wayar. Ya tambaye ni ina na farkon yake, na nuna masa, ya danna da kansa.

Baba ya tafi Bokkos ranar Litinin ɗin. Wata bakwai ke nan yana can. Yana dawowa Juma'a da yamma, ya koma Lahadi bayan la'asar, kuma sabis ɗin waya ba ya shiga cikin siton.